Shuɗiyar Garkuwa

Ranar Juma'a da la'asar aka kawo rahoto komisariyar Matameye, wato ofishin 'yan sanda, cewa an tsinci gawar wani dattijo a bayan gari, kan hanyar gona da ake yankewa zuwa Ɗan Barto. Insifekta Yasin yana shirin tafiya gida ke nan. Ya mayar da makullin motonsa aljihu, ya kira mataimakinsa Birgadiye Rabi'u, suka kama hanya.

Kaka ce, an gama yankan hatsi, gonaki duk tushiyar kara a tsaye kamar an kafa ƙusoshi. Dattijon yana kwance ƙarƙashin wani gawo, an rufe shi da zane. Baba Shekara ne, mai lambun rake, wanda kusan kowa a garin ya taɓa shan rakensa. Matarsa Hadiza tana zaune a ƙasa, ta yi kuka har muryarta ta dushe.

Insifekta ya tsuguna yana duba rairayi. Sawun taya huɗu ne masu faɗi, sun kauce hanya, sun hau wani kututture, sun sake komawa hanya. Daga kututturen kuma wani baƙin abu ya fantsama kan tushiyoyin kara, ɗigo-ɗigo, ya miƙe ya nufi gari. Ya dangwala ya sansana.

"Mene ne wannan, Rabi'u?"

"Giris ne, Shef. Man nan mai kauri na inji."

Akwai kuma wani dogon shaci a ƙasa, daga bakin hanya zuwa gindin gawon. Likitan da ya zo ya ce ƙafar ce ta karye, jijiya ta tsinke. An buge shi wajen tsakar rana, amma bai cika ba sai bayan an sauko masallaci. Shacin nan shi ya yi shi da jikinsa, yana jan ciki yana neman inuwa.

"Da an kai shi asibiti fa?" in ji Insifekta.

"Da yanzu yana can yana yi mana faɗan allura," in ji likita.

Ran Insifekta ya ɓaci ƙwarai. Hatsari kowa yana iya yi. Wanda ya bar tsoho a rana yana jan ciki, shi ne yake so ya gani ido da ido.

Neman mai sawun bai yi wuya ba, don moto mai ƙafa huɗu guda biyu ne kacal a duk Matameye. Na ƙungiyar manoma da makiyaya ne, kyauta aka ba su bara. Dukansu ja ne, kai ɗaya, ba lamba, ko wanda ya ƙera su sai ya yi da gaske kafin ya bambanta su. Ɗaya yana hannun Malama Najaha mai yi wa dabbobi rigakafi, ɗaya yana hannun Ummaru mai rabon iri da taki. A gareji ɗaya suke kwana, bayan ofishin ƙungiyar.

Mai gadin wurin, Malam Lawali, ya buɗe musu ƙofa. Moto ɗaya lafiyarsa lau, ɗayan kuwa ƙarfen gabansa ya lanƙwashe, giris ya yi baƙi a cikin tayar dama.

"Wannan na wa?"

"Na Malama Najaha ne, ranka ya daɗe."

"Ta yaya ka sani, alhali kamarsu ɗaya?"

Lawali ya nuna ƙasan moton, kusa da tayoyin gaba. "Ga shi nan ai. Mai shuɗiyar garkuwa nata ne, mai farin ƙarfe na Ummaru. Duk garin nan da haka ake gane su."

"Makullai fa?"

"A jikinsu ake barinsu, tunda ina nan."

"Ka bar wurin nan yau?"

"Ni? Ko nan da can."

Kafin magariba an kawo Najaha komisariya. Mace ce doguwa, ba ta fi shekara talatin ba, da goyon 'ya 'yar wata biyar. Ba ta yi gardama ba. Ta ce lalle ta je Ɗan Barto da safe, ta hanyar nan ta dawo, kuma ta ga Baba Shekara.

"Kin gan shi?"

"Na gan shi da ransa da lafiyarsa, da damin rake a ka. Na tsaya mun gaisa, ya ce in zo gidansa ran Lahadi in yi wa awakinsa allura. Na ce to. Sha biyu saura na ajiye moto na tafi gida."

Aka kai ta gareji. Ta dubi moton da ya lalace, ta kama hannunsa, ta matsa birki, ta saki.

"Wannan ba motona ba ne."

Rabi'u ya yi dariya har da buga cinya. "Shef, ka ji fa! Garkuwar tata ce, moton kuma na aljanu ne."

"Garkuwar tawa ce," in ji ta, ko kallonsa ba ta yi ba. "Moton ba nawa ba ne. Birkina ba ya da laushi haka."

Laushin birki ba hujja ba ce a gaban alƙali. Aka rufe ta, da sharaɗin ran Litinin za a miƙa ta ga mai gabatar da ƙara, daga can kuma sai gidan kaso. Da aka fito da ita daga garejin, Hadiza tana bakin hanya cikin 'yan uwanta, ta tofar da yawu a gabanta. Gari kuwa ya riga ya gama shari'a. Da ma akwai masu jin haushin mace a kan moto, ranar nan bakinsu ya buɗe. Uwar Najaha ce ta karɓi jaririyar, tana kawo ta sau huɗu a yini ta sha nono a bayan kanta.

Washegari da safe Insifekta ya kira Ummaru. Ya zo da farar shadda da turare, ya gaida kowa har mai shara.

"Ina ka je jiya?"

"Dawce, ranka ya daɗe. Na kai iri. Wajen ƙarfe ɗaya na dawo, na ajiye moto, na wuce masallaci."

"Ba ka bi ta hanyar Ɗan Barto ba?"

"Me zai kai ni? Ai ba hanyata ba ce." Ya girgiza kai cikin jimami. "Wallahi ina tausayin Malama. Na sha gaya mata ta rage gudu. Kuma ka ga abin da ta ɗaura wa motonta, robar tano, kamar mai tallan ruwa. Nawa kuwa daga Kano ƙanena ya aiko mini, farin ƙarfe, mai tsada."

Insifekta ya sallame shi. Yana fita ya ce wa Rabi'u, "Na tambaye shi hanya, ya ba ni labarin garkuwa."

"To ai gaskiya ya faɗa, Shef. Magana ta ƙare. Ita da bakinta ta ce ta ga tsohon."

"Shi ne abin da ya dame ni. Ba wanda ya gan su tare. In kai ka buge mutum, za ka ce kun gaisa?"

Insifekta Yasin bai san komai ba game da inji. Ko sarƙar keke ta zame sai ya nemi mai gyara, kuma ba ya jin kunyar faɗa. Abin da ya iya shi ne sanin wanda zai tambaya. Saboda haka ya tafi bakin tasha wurin Ɗahiru makaniki, wanda shi ke duba motocin biyu. Ya same shi yana shan shayi a kan wata tsohuwar taya.

"Malam Ɗahiru, ka ɗauke ni jahili, don shi ne ni. Mece ce garkuwar nan, kuma me take karewa?"

Ɗahiru ya ajiye kofi. Mutum ne da ya shekara goma yana jiran wani ya yi masa wannan tambaya.

"Ranka ya daɗe, kowace taya tana da sandan ƙarfe da ke juya ta, shi muke ce wa kardan. A gaɓarsa akwai wata roba mai ninki-ninki, cike da giris, sunanta sufile. In sufile ya huje, giris ya fita, rairayi ya shiga, kwana kaɗan kardan ya mutu. A ƙasarmu nan kuwa, bayan kaka, tushiyar kara ba ta barin sufile ya yi wata guda. Shi ya sa ake ɗaura masa garkuwa ta gaba da ta ƙasa."

"Kuma iri-iri ne?"

"Akwai ta ƙarfe, akwai ta roba mai kauri. Ta ƙarfe ta fi kyan gani, kuma a ƙasar duwatsu tana da amfani. Amma in ta daki abu ta lanƙwashe, ba ta komawa. Sai bakinta ya shige ciki ya yanka abin da aka sa ta tsaro. Ta roba kuwa tana lanƙwasawa ta dawo, kara yana zamewa a kanta. Duk na gaya musu wannan, su biyun, a nan inda kake tsaye."

"Sai suka zaɓi me?"

"Malama ta tambaye ni wacce zan sa in nawa ne. Na ce roba. Na yanka mata daga shuɗin tano, babban duron ruwan nan na roba, na gasa a wuta na lanƙwasa, na huda mata ramuka uku-uku ta ƙasa don rairayi da ruwa su riƙa zubewa. Ummaru ya ce shi ba zai hau moto da bokiti a ƙafa ba. Ya sa aka aiko masa ta Kano. Da ta zo ma ba ta wannan samfurin ba ce, sai da na sa injin huji na huda ƙarfen motonsa kafin noti ya shiga."

Insifekta ya miƙe. "Ƙarasa shayinka a hanya."

A garejin ƙungiya Ɗahiru ya shimfiɗa buhu ya kwanta ƙarƙashin moton da ya lalace. Bai yi minti guda ba ya fara tsaki.

"Wane ne ya yi wannan aika-aika? Wannan ba ɗaurina ba ne!"

"Me ka gani?"

"An sa ta dama a hagu, ta hagu a dama. Ramukan da na huda don zubar da rairayi ga su suna kallon sama. Haka sai dai ta tara rairayi kamar ƙwarya."

Ya kwance garkuwar dama ya miƙo. Insifekta ya juya ta. Bayanta duk ƙarce-ƙarcen kara, cikinta kuwa shuɗi tas, sai ƙura.

"Malam Ɗahiru, in sufile ya fashe moto yana gudu, ina giris ɗin yake zuwa?"

"Ko'ina. Kan taya, kan ƙasa, amma garkuwa ce ke fara sha, tunda ita ce a bakinsa."

"Jiya na bi ɗigon giris tun daga gona har kusan bakin gari. Wannan kuwa ko ɗigo ɗaya babu a cikinta."

Ɗahiru ya haska sufilen da fitilar wayarsa. Yankan a miƙe yake, kamar na reza. Ya ce kara huji yake yi, ba ya yanka haka. Sannan ya sa yatsa a wani ƙaramin rami a jikin ƙarfen da ke riƙe da taya.

"Ranka ya daɗe, ga hujina. Da hannuna na yi shi, kuma moto ɗaya na taɓa hudawa a garin nan."

Suka koma kan ɗaya moton, mai farin ƙarfe. A jikinsa babu hujin Ɗahiru ko ɗaya. Inda noti ya kamata ya shiga, da waya aka ɗaure garkuwar, an murɗe ta an tura bakinta ciki don kada a gani. Garkuwar dama tana da tabon guduma inda aka miƙe ta, tana ƙamshin sabulu. Insifekta ya karyi tsinke ya zura cikin ninkin bakinta, tsinken ya fito baƙi ƙirin.

Rabi'u ya cire hularsa ya sosa kai. Bai sake maganar aljanu ba.

Insifekta ya juya ga mai gadi. "Malam Lawali, jiya ka ce mini ko nan da can ba ka je ba. A nan ka yi sallar Juma'a?"

Lawali ya fara inda-inda. "To... ranka ya daɗe, ai masallaci ba fita ba ce."

"Ƙarfe nawa ka tafi?"

"Sha biyu da rabi. Ina son sahun gaba. Na kulle ƙofa na sa makulli ƙarƙashin dutsen nan, kamar kowace Juma'a."

"Wa ya san da dutsen?"

"Ni da masu motocin."

"Lokacin da ka tafi, moto nawa ne a ciki?"

"Ɗaya. Na Malama."

"Da lafiyarsa?"

Lawali ya yi tunani. "Ban ga komai ba a jikinsa. Har na jingina tsintsiyata a gabansa."

"Ummaru fa, ka gan shi a masallaci?"

"Shekara uku kafaɗa da kafaɗa muke sallah. Jiya wani baƙo ne a wurinsa. Na ɗauka ko a Dawce ya yi."

Da azahar aka sake kiran Ummaru, wannan karon zuwa gareji. Insifekta ya sa aka kawo Najaha ita ma, da 'yarta a kafaɗa. An cire garkuwoyin duka huɗu an jera su a kan buhu. Motocin biyu suna tsaye tsirara, ja da ja.

"Malam Ummaru, nuna mini motonka."

Ummaru ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya nuna mai lafiyar.

"Madalla. Ga garkuwarka ta Kano, ga noti, ga sufana. Ɗaura mana ita."

Ya tsuguna da farar shaddarsa. Ya sa noti na farko, ya shiga. Ya ɗauki na biyu yana laluben rami, babu rami. Ya juya garkuwar, ya sake lalube. Zufa ta fara ɗiga daga haɓarsa.

"Ko a kawo maka waya, irin ta jiya?" in ji Insifekta. "In kuwa rami kake nema, yana jikin wancan. Malam Ɗahiru ya huda maka shi ranar da ka ce ba za ka hau moto da bokiti a ƙafa ba."

Sufana ta faɗi daga hannun Ummaru. Ya zauna daɓas a ƙasa.

"Ba da gangan ba ne, wallahi ba da gangan ba ne."

"Daga ina kake?"

"Daga bakin iyaka. Bido shida na esansi, jarkunan fetur ke nan, na ɗauko wa wani. In ƙungiya ta ji ina wannan da motonta, aikina ya tafi. Shi ya sa na biyo ta gona, ina sauri in sauke kafin masallaci. Na sha kwana, sai ga shi a tsakiyar hanya da rake a ka. Na kauce, amma na riga na same shi, na hau kututture."

"Ka sauka?"

"Na sauka."

"Yana da rai?"

Ummaru ya rufe fuska da hannu. "Ya kira sunana. Ya ce, Ummaru, ƙafata. Na ce masa ina zuwa, bari in nemo mota."

Najaha ta juya fuskar 'yarta zuwa ƙirjinta.

"Sai ka zo nan."

"Na sauke bidon a kangon bayan gidana, na zo na tarar ba kowa. Na ga motonta a tsaye. Na san ta bi hanyar da safe, na san kuma ba mai gane su sai da garkuwa. Shaiɗan ne ya..."

"Bar Shaiɗan, bai riƙe sufana ba. Ka kwance huɗu, ka miƙe ɗaya da guduma, ka wanke ta da sabulu, ka ɗaura huɗu. Duka lokaci nawa ka ɗauka?"

"Kamar awa guda. Ko fiye kaɗan."

Insifekta ya dubi Rabi'u. "Jiya daga gindin gawon nan zuwa ƙofar asibiti minti nawa muka yi da gawa?"

"Sha biyu, Shef."

"Minti sha biyu. Likita ya ce sai bayan an sauko masallaci ya cika. Lokacin da kake murɗa wayar nan, yana can yana kallon hanya, yana jiran motar da ka ce za ka nemo."

Ummaru ya fashe da kuka. Ya juya wajen Najaha yana cewa ta yafe masa don Allah.

"Nawa mai sauƙi ne," in ji ta. "Kwana ɗaya na yi. Je ka nemi na Inna Hadiza."

Rabi'u ya sa masa ankwa ya tashe shi. Mutanen tasha da na kasuwa sun riga sun cika bakin ƙofa, waɗanda jiya suka fi kowa baki yau su ne suka fi kowa salati. Aka ratsa da shi ta tsakiyarsu, gwiwoyin shaddarsa baƙi da giris, aka sa shi a mota.

Insifekta ya tsaya gaban Najaha. "Malama, kin gaya mana gaskiya tun jiya, muka yi miki dariya. Ki yi haƙuri."

"Birgadiye ne ya yi dariya," in ji ta. Rabi'u, da ke bakin mota, ya shiga gyaran hularsa.

Ɗahiru bai bari ta tafi ba sai da ya mayar mata da shuɗiyar garkuwarta, ta dama a dama, ta hagu a hagu, ramuka suna kallon ƙasa. Ya ce daga yau duk wanda ya sake kiranta bokiti ya zo ya same shi a tasha.

Ran Lahadi da hantsi Insifekta ya je gaisuwa gidan marigayin. Yana zaune a zaure cikin maza sai ya ji ƙarar moto ta tsaya a waje. Najaha ce, da akwatin alluranta. Ta gaida mutane, suka amsa ƙasa-ƙasa, wasu suna kallon tabarma. Ta yi sallama ta shiga cikin gida.

Ta ƙofar zaure yana hango tsakar gidan. Hadiza tana zaune cikin mata da mayafin takaba. Da ta ga wadda ta shigo sai ta sunkuyar da kai, ta kasa ɗagowa. Najaha ta durƙusa ta yi mata gaisuwa, sannan ta buɗe akwatinta.

"Inna, Baba ya ce in zo yau saboda awaki. Na ce masa to."

Hadiza ta share ido da bakin mayafi, ta tashi, ta nufi turke, ta kamo jar akuyar da ta fi gardama, ta riƙe mata ƙaho.